Yadda Ake Tafiya Aikin Girkin Biki a Wani Gari, Ana Cefane a Hanya

Aikin farko da na samu a wajen garin Bauchi na wani biki ne a Dadin Kowa. Saboda tsoron kada in je in rasa wani abu, sai da na kusa kwashe rabin kasuwar Muda Lawal na loda wa mota, har da kwando biyu na tumatir. Kafin mu isa, na ƙasan ya narke, ruwansa na bin ƙafafunmu. Da muka sauke kaya, wata tsohuwa a gidan ta leƙa kwandon ta ce, "Hajiya, tumatir kika kawo mana tun daga Bauchi? Ai ga gonarsa can bayan gida." Matan tsakar gida suka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma raina bai so ba.

Tun daga ranar na sauya tsari. Abin da ba ya lalacewa shi nake ɗauka daga gida, ɗanyen kaya kuwa sai a hanya ko a can garin. Zan yi miki bayanin da misalin wannan tafiyar: daga Bauchi zuwa Gombe wajen kilomita 150, daga Gombe zuwa Dadin Kowa kusan 40, mutum 300, abinci kuma dafa-duka, masa da miyar taushe, farfesun kifi na manyan baƙi, sai zoɓo. In ke daga Gombe za ki tashi zuwa Kaltungo ko Bajoga, kasuwannin ne za su sauya, tsarin yana nan.

Kayan aikin da za ki tanada

Manyan tukwane 4 da murafansu, matsakaita 2, da ƙarama guda ta gwaji.
Tanda 2 ta masa. Kada ki dogara da ta aro, domin tandar da ba ki saba da ita ba kama miki masa za ta yi.
Muciya, manyan ludaya, matsami na tsamo suya, rariya, kwanduna da bahuna.
Wuƙaƙe masu kaifi da abin wasa su, da katakon yanka 2: ɗaya na nama da kifi, ɗaya na ganye.
Kuloli manya na abinci mai zafi, da wata daban ta ƙanƙara.
Jarkoki na ruwa, tamfol, tabarma, igiya, tocila, ashana, sabulu da soso.
Robobin zuba abinci, cokula da ledoji, ki ƙara 30 a kan adadin da aka ba ki.
Mudunki na awo, littafin rubutu da biro.
Tsabar kuɗi, da canji ƙanana.

Abu biyun ƙarshe su ne masu farawa suka fi mantawa. Mudu ba ɗaya ba ne a kowace kasuwa, wani an bubbuge gindinsa, wani ya fi naki zurfi, alhali duk lissafin girkinki a kan naki kika gina shi. Kuɗi kuwa, duk wadda ta yi aiki a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira kuɗi suka yi wuya, ta san abin da nake nufi. Ba kowace mai sayar da alayyahu a bakin hanya ke karɓar tiransifa ba, mai POS kuma sai ya ce babu sabis a daidai lokacin da kike sauri.

In ba ki da tukwanen da za su isa, kusan kowane gari akwai masu ba da hayarsu, amma ki sa a duba miki su kafin ranar. In babu kular ƙanƙara, roba mai murfi da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu tana riƙe sanyi na 'yan sa'o'i.

1. Ki gama magana da mai biki tun kina gida

Ki tambayi adadin mutane, sannan ki sake tambaya: har da dangin ango? Har da 'yan rakiyar amarya? Mutum 300 a bakin uwar biki sau da yawa 380 ne a tsakar gida. Ki tambayi ƙarfe nawa ake son abinci, wa zai ba da itace, daga ina ake ɗebo ruwa, akwai injin markaɗe kusa, kuma ina za ku kwana ke da yaranki. Kuɗin mota zuwa da dawowa ki fitar da shi daban, a rubuce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota shi kaɗai yana iya cinye ribar aiki, wannan ma wani dalili ne na rage lodi.

Ni ba na tashi sai an ba ni kafin alƙalami na kashi 70 cikin 100. In 'yar uwa ce ko aminiya, kunya takan hana a faɗi hakan, to a nan ne ma ya fi kamata a faɗa.

2. Ki raba cefanen kashi uku a takarda

Kashi na farko na gida: man gyaɗa, gishiri, dunƙulen ɗanɗano, kori, tumatirin gwangwani na ko-ta-kwana, citta, kanumfari, masoro, yis, sukari, zoɓo, daddawar da kika yarda da ita, da yajin da kika daka da hannunki. Waɗannan su ne ɗanɗanonki, ba a barinsu ga sa'a.

Kashi na biyu na hanya: itace, albasa, tumatir, tattasai, attaruhu, kabewa, man shanu. Kashi na uku na can garin: nama, kifi, ganye, ƙanƙara.

Shinkafa tana tsakiya. Ta dafa-duka ina ɗauka daga wurin ɗan kasuwar da na saba da shi, ko in saya a Gombe. A lissafina buhu mai kilo 50 yana ciyar da mutum 300 zuwa 350, yana kuma cin mai lita 10 zuwa 12. Ta masa kuwa, farar shinkafar tuwo, na fi son in saya a yankin da ake noma ta, kuma ƙasar Dadin Kowa ƙasar shinkafa ce saboda ruwan madatsar da ke kan kogin Gongola. Mudu guda yana ba ni masa wajen 50, gwargwadon girman tanda.

3. Ki binciki hanya kwana uku kafin tafiya

Matambayi ba ya ɓata. Ki kira wata mata a gidan bikin, ba uwar biki ba, ita kanta ya ɗau zafi. Ki nemi wadda ke zuwa kasuwa da ƙafarta, ki tambaye ta me ya yi araha a makon nan, me ya yi wuya. Ki tambayi direbanki wace kasuwa ce ke ci a ranar da za ku wuce, direbobin tasha sun fi kowa sanin wannan. Kasuwar ƙauye ranar cinta daban take da sauran ranaku. Wurin da yau ba masaka tsinke, gobe sai ki tarar da rumfuna da awaki kawai.

Ki kuma duba lokacin shekara. Da rani, daga Janairu zuwa Maris, kayan miya na lambu sun cika ko'ina. Daga farkon damina kuwa tumatir yakan yi tsada ya kuma yi ruwa. A irin wannan lokacin ina ƙara tattasai da albasa, in jiƙa busasshen tumatir in haɗa, in cike da na gwangwani. Ba wanda ya taɓa dawo mini da abinci saboda haka.

4. Lodi

Ki tafi ana gobe biki, kada ki yarda da ranar. Masu nauyi a ƙasa: buhu, jarkokin mai, tukwane an jera ƙanana cikin manya. Ki bar fili na musamman kusa da ƙofa don kayan hanya, ki shimfiɗa tabarma a wurin. In ba ki ware shi tun a gida ba, a kan tukunya za a ɗora miki kwandon tumatir, yaron mota kuma ya zauna a kai.

Jarkar fetur ko kananzir kada ta kwana wuri ɗaya da abinci. Shinkafa da gari suna shan wari, kuma wanki ba ya fitar da shi. In da tukunyar gas, a tsaye za a ɗaure ta, a rufe kanta sosai. Ku tashi bayan sallar asuba, da sanyin safiya ake kama fara, kuma ba na yarda dare ya same ni a hanya da kayan mutane.

5. Cefanen hanya

Ƙa'idar ita ce mai jure wahala shi ake fara saye, mai saurin lalacewa a ƙarshe.

Daga Bauchi, in kun haye gadar Dindima, inda hanyar Yankari ta rabu, har zuwa Alkaleri da gaba, za ki riƙa ganin itace da gawayi a bakin titi. In mai biki bai ɗauki nauyin itace ba, nan za ki duba. Ki ɗaga guda ki ji: busasshe ba shi da nauyi, in kin buga biyu suna ƙara. Ɗanye hayaƙi zai yi ta yi, ya shiga miya, ya sa yaranki kuka har azahar. Alkaleri tana da kasuwar dabbobi da hatsi, in kin dace da ranarta za ki iya samun rago da sauƙi, amma sai in akwai inda za a ɗaure shi ba kusa da kayan abinci ba. Ni na daina, tun ranar da wani ya ci mini rabin kabewa.

A Gombe, abin da ya shafi hatsi, wake ko gyaɗar miya, Tudun Hatsi za ki nufa. Kada ki daɗe, cikin gari yana cin lokaci.

Inda nake zama sosai shi ne Kwadon, kaɗan bayan an fita Gombe a hanyar Biu. Kasuwar kayan gwari ce, manoma ke kawowa daga lambuna. Ki bar motar nesa kaɗan, ki shiga da yarinya ɗaya. Da zarar an ga bas cike da tukwane an san mai biki ce, farashi ya tashi. Ki zaga sau ɗaya ba tare da kin taya komai ba, kina dai sauraron yadda wasu ke ciniki. Sai a zagaye na biyu ki tsaya.

Kwandon tumatir fuska gare shi. Manya jajaye a sama, abin da ke ƙasa sai Allah. Ki ce, "Baba, a juye mini in gani." Mai kayan kirki ba ya musu, zai ma ce, "Hajiya, juye har ƙasa." Wanda ya fara rantse-rantse, ki yi masa sallama ki wuce. Ki nemi mai tauri, mai tsoka, wanda in kin yanka ba ruwa ne ke fara zuba ba. Mai ruwa araha gare shi, amma kwando guda in ya tafasa sai ya koma rabin abin da mai tsoka zai ba ki, ga itacen da zai ci kafin ya tsane. Tunda sai gobe za a yi girki, ki haɗa da wanda bai gama nuna ba. Tattasai ki zaɓi ja mai kauri, shi ke ba dafa-duka kala. Attaruhu ki karya ɗaya ki shinshina, domin na wani wuri ya ninka wanda kika saba da shi zafi. Albasa ki matsa wuyanta, in ya lotsa ta fara ruɓa daga ciki.

Wurin ciniki, ki taya da mutunci. In ya ce albarka, ki ƙara kaɗan, in ya sallama ki nemi gyara, ba abin kunya ba ne. In dillali ne ya haɗa ku, ki ji tun farko wa zai biya la'ada. Kada ki danne manomi har ya sayar yana ɓacin rai, saboda za ki sake biyo hanyar. Akwai dattijon da nake saye wurinsa yau shekara da shekaru, in na kira shi da daddare, kafin in iso ya ware mini na kirki a inuwa.

Man shanu da kindirmo wurin matan Fulani za ki samu, a kasuwa ko a ƙarƙashin bishiya a bakin hanya. Ki gaisa sosai, "Adda, ina kwana, ya shanu?" kafin ki buɗe ƙwarya. Man ki shinshina shi, mai kyau ƙamshin nono yake yi, tsoho yana da ɗan ɗaci a maƙogwaro. Da kun isa ki soya shi da albasa, in ba haka ba zafin mota zai juya shi. Masar Bauchi da ba a ɗiga mata man shanu ba, a wurina ba ta cika ba.

Duk abin da kika saya ki rubuta nan take, da kuɗin dako. In kin bari sai dare, sai ki nemi dubu biyar ki rasa inda ta shiga. Kayan gwari kuma kada a lulluɓe su da tamfol ko leda, gumi za su yi su dafe. Buhun algarara ko ganye ya isa.

6. Da kun isa

Ki fara gaida masu gida da tsofaffin matan gidan kafin a sauke ko cokali. Su suka san inda iska ke kaɗawa, su za su nuna miki mai markaɗen da ba ya haɗa miki kaya da ragowar wake. Ki baje tumatir a tabarma a inuwa, ki tsince wanda ya fashe a fara markaɗa shi a tafasa a daren. A kafa murhu nesa da zana da hanyar yara.

Sai gwaji biyu da ba na tsallakewa. Na farko na ruwa: ki jefa ɗan zoɓo a kofi. In ya ba da ja mai haske, ruwan ya yi. In ya koma baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, ruwan yana da kanwa-kanwa, ki nemi wani don abin sha, ko ki ƙara tsamiya. Ruwan zoɓo dai ko yaya ne a tafasa shi. Na biyu na shinkafa: ki dafa gwangwani ɗaya a ƙaramar tukunya ki ga yawan ruwan da take sha. Sabuwar shinkafa ba ta son ruwa da yawa, in kin yi mata awon tsohuwa, tuwo za ki kwashe. In 'yar gida ce, a rege ta sau biyu. Tsakuwa ɗaya a bakin waliyyin ango ta isa ta shafe duk daɗin girkinki.

7. Nama da kifi

Zuwa da kai ya fi aike. Da yamma ki je wurin mahauci da wani namiji na gidan, ku yi magana a kan abin da za a yanka da asuba. A gari za ki samu a kilo, a ƙauye sau da yawa cinya ce ko kashi. Kilo guda na tsoka yana ba ni yanka 15 zuwa 18, wato mutum 300 a yanka ɗai-ɗai suna buƙatar wajen kilo 20. Ki tsaya a yanka a gabanki, in ba haka ba ƙashi da kitse za su cika miki baho. Naman da ya kwana ba a ƙanƙara ba, komai araharsa, ki bar shi.

Kifi shi ne daɗin aiki a Dadin Kowa. Masunta na fitowa da tarwaɗa da karfasa da safe. Tarwaɗa ki saya tana motsi. Karfasa ki duba idonta ya zama garau, ki ɗaga kunnen ki ga ja, ki danna jikin ya dawo. Santsin tarwaɗa ruwan zafi ko toka ke fitar da shi, sannan lemon tsami. Farfesunta ba a juya shi da ludayi, girgiza tukunyar ake yi, kuma shi ake ɗorawa ƙarshe. In ba a samu ɗanye ba, banda tana yi, sai dai ki ɓare guda ki tabbatar ba ƙwari a ciki.

Ganyen miyar taushe, alayyahu da ɗan yakuwa, shi ma da safe za a yanko. A wanke shi sau uku a baho, ana tsamo ganyen daga ruwan, yashin ya zauna a ƙasa.

8. Ƙullun masa

Wannan na ware masa lamba saboda ya taɓa kunyata ni. Na ce bari in rage wa kaina aiki, na markaɗa ƙullu a Bauchi, na sa yis, na rufe a manyan robobi. Zafin rana da jijjigar mota suka haɗu. Ba mu kai Alkaleri ba murfin ɗaya ya yi tsalle, ƙullu ya malale a kan buhun shinkafa da zanen yarana. Wanda ya tsira kuma ya yi tsamin da ko sukari bai gyara ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Da mun isa a jiƙa shinkafar. Bayan magariba a dafa kaɗan daga cikinta, a haɗa da jiƙaƙƙiyar a kai markaɗe. Yis sai wajen ƙarfe 10 na dare in lokacin sanyi ne, in zafi ne sai kusan asuba, domin sa'o'i kaɗan sun ishe shi. Roba kada ta wuce rabi, ki bar masa wurin tashi. Da safe a buga shi sosai, a sa sukari da gishiri da albasa, in ya yi tsami a ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Masu suya biyu su zauna tun ƙarfe 6. In babu injin markaɗe a garin, ki niƙo garin shinkafar a bushe daga gida, ki kwaɓa a can.

9. Ranar biki, zubawa da komawa

Ki lissafa daga lokacin da aka ce a kawo abinci ki dawo baya. In ƙarfe 2 ne, nama ya hau wuta ƙarfe 7, shinkafa ta sauka wajen 12 da rabi. Kada ki dafa ta tun da safe don ki huta. Shinkafar da ta huce ta zauna a rufe cikin zafi ita ce ke ɓata wa mutane ciki. Ki ɗauraye kula da ruwan zafi, ki zuba abincin yana tururi, ki rufe, kada a yi ta buɗewa. Zoɓo a ƙanƙara. Kunun aya in an matsa miki a yi shi da safiyar, ba ya jure jira.

Mutum ɗaya ke riƙe ludayin zubawa, kuma ki nuna mata awon da idonki. Ki ware kula guda ki ɓoye, saboda motar da za ta iso bayan la'asar ana cewa ba su ci komai ba. Rabon tsofaffin da suka taya ki aiki ki fitar da shi da wuri, da na direba.

Kafin duhu a wanke tukwane, ki ƙirga su da takardar da kika zo da ita. Murafai da wuƙaƙe su suka fi ɓata, ba sata ba ce, gidan biki ne kowa na ɗauka ya ajiye inda ya ga dama. Ki karɓi cikon kuɗinki kafin a loda mota. In yamma ta yi, ku kwana, gobe ku kama hanya da safe. Motar yanzu ba kaya, don haka nakan tsaya in sayi bandar kifi da shinkafar tuwo na aikin gaba, in karɓi lambar mahaucin da ta mai kifin, in rubuta su a bayan littafin cefane, ƙarƙashin sunan garin.